Kakar inabi a yankin Cape: daga gona zuwa teburin abinci

Wanda yake son ya san inabi a Afirka ta Kudu, to ya je yankin Cape a watan Fabrairu. Lokacin ne tsakiyar zafinsu, kuma lokacin ne kaka, wadda take farawa daga Janairu ta kai har cikin Afrilu. A irin wannan lokaci na sauka a Cape Town. Ni ba na shan giya, kuma ba sha ne ya kai ni ba. Abin da na bi shi ne sanin yadda ake daidaita abin sha da abinci. Masu giyar inabi sun daɗe suna tace wannan ilimi, amma ilimi ne da yake aiki a kan kowane kofi da za a ajiye kusa da faranti, da barasa a ciki ko babu. Mai dafa abinci a otal yana bukatarsa, mai hidimar baƙi yana bukatarsa, haka ma matafiyi Musulmi da yake son ya san abin da aka kawo gabansa.

Yanayin wurin shi ne tushen komai. Ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyinsu, tsakanin Yuni da Agusta, sai inabi ya nuna a cikin rani, ba ruwan da zai fasa shi. Teku mai sanyi tana gefe, kuma da rana ta karkata sai iska ta taso daga kudu maso gabas, wadda mutanen gari suke kira Cape Doctor. Tana busar da ganye, tana rage funfuna, tana kuma sauke zafin gona da yamma. Idan ta yi ƙarfi a lokacin fure kuwa, sai ta kakkaɓe shi, amfanin shekarar ya ragu. Wannan sanyin yamma da na dare shi ne yake tsare tsamin inabi. Inabin da ya kwana cikin zafi yana ƙone tsaminsa, ya bar zaƙi tsantsa.

Na fara da Constantia, a bayan Dutsen Tebur, babban dutsen da yake tsaye a kan Cape Town. Tun ranar 2 ga Fabrairu, 1659, aka fara matse inabi a Cape, a zamanin Jan van Riebeeck na kamfanin Holan mai fatauci zuwa gabas. Amma gonar da ta yi suna ita ce wadda gwamna Simon van der Stel ya kafa a 1685. Babban gidan gonar, wadda yau ake kira Groot Constantia, yana nan, fari tas, da layin manyan itatuwa har bakin ƙofa. Mai zagayawa da baƙi zai gaya maka cewa giya mai zaƙi ta wannan kwari ta kai fadojin Turai, har Napoleon ya riƙa shan ta a tsibirin Saint Helena. Gaskiya ne. Abin da ya kamata a ƙara shi ne, bayi ne suka yi aikin, waɗanda aka kwaso daga Indunusiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, kuma ba a soke bauta a can ba sai 1834. A bakin gonar Klein Constantia akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda Turawan Holan suka koro daga Sumatra a ƙarshen shekarun 1660. Ƙaramin gini ne mai ƙubba a gefen rafi, kurangar inabi ta kusa kewaye shi. Na tsaya na yi masa addu'a kafin in wuce. Tarihin inabin Cape da tarihin Musulmin Cape a gona ɗaya suka tsiro, kuma wannan zai sake fitowa idan aka zo kan abinci.

A Constantia ana barin wani inabi mai ƙamshi, Muscat, ya daɗe a jikin kuranga har ya yanƙwane ya kusa zama zabibi. Ruwa ya fita, sukari ya taru. Na ɗanɗana ƙwaya ɗaya daga irin wannan nono: zaƙi kamar zai ƙone maƙogwaro, amma da ɗan tsami a ƙarshensa da yake hana shi ginsa. Duk sirrin abin sha mai zaƙi yana cikin wannan ɗan tsamin.

Daga Cape Town zuwa Stellenbosch kusan kilomita 50 ne. A hagu ake tuƙi. Idan ka bi babbar hanyar N2 ka juya ta R310, za ka ratsa kusa da Macassar, inda hubbaren Shehu Yusuf yake, malami ɗan Indunusiya wanda aka kawo a 1694 ya rasu a 1699. Stellenbosch kuwa an kafa shi a 1679 a bakin kogin Eerste, duwatsun Simonsberg da Jonkershoek da Helderberg sun tsaya masa ta gefe uku. Ƙasar gangaren duwatsun ruɓaɓɓen dutse ce gauraye da yumɓu, ba ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, ba ta kuma bushewa ƙaƙas. Kusan kowace kuranga a nan mai aure ce: saiwar daga irin Amurka, saman daga irin Turai. Dalili shi ne wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, da ya shiga Cape a 1886 ya cinye gonaki, sai saiwar Amurka kaɗai take jure masa.

Tun kafin rana ta fito ake shiga yanka. Masu aikin suna tafe da ƙananan almakasai da akwatunan roba da ba su wuce kilo 20 ba, don kada na ƙasa ya fashe saboda nauyin na sama. Zuwa hantsi an tsaya. Inabin da aka yanka da sanyin safiya yana isa wurin matsa da ƙamshinsa. Wanda aka yanka da rana tsaka yana iya fara tashi, wato sukarinsa ya fara komawa barasa, tun a bayan tarakta, ruwansa ya yi duhu.

A nan gona ne mai kula da ita ya koya mini yadda ake cin inabi don a karanta shi, kuma wannan darasi ya fi duk wanda na samu a cikin gini. Ka ɗauki ƙwaya, ka matse tsokarta a kan harshe, ka riƙe ɓawon da ƙwallayen a gefe. Tsokar za ta gaya maka zaƙi da tsami. Tsami ana gane shi da yawun da yake tsattsafowa ta gefen harshe bayan ka haɗiye. Sai ka tauna ɓawon shi kaɗai kamar sau 10, ka ji yadda dasashi yake kamewa. Wannan bauri ne, irin wanda mai cin goro ya sani. Daga nan ka dubi ƙwallon. Idan kore ne kuma yana da ɗaci mai kaifi, inabi bai nuna ba, komai zaƙinsa. Idan ya yi ruwan ƙasa yana ƙaras a haƙori, to ya kai. Zaƙi, tsami, bauri: ga uku. Na huɗu ba ya gona, sai an kai rumbu, inda ake haɗa giya, yake samuwa, shi ne barasa, wadda take ba giya nauyi da zafi a baki. Duk maganar haɗa giya da abinci a kan waɗannan huɗun take juyawa. Sunayen furanni da 'ya'yan itatuwa da ake jerawa a bayan kwalba ado ne kawai.

Ba harshe kaɗai suke dogara da shi ba. Ana ɗiga ruwan a kan ƙaramar na'urar hannu a leƙa, ta nuna sukari a ma'aunin da suke kira Balling. Na giya mai kumfa ana yanka shi da wuri, tsakanin 18 da 20. Farin inabi tsakanin 21 da 23. Baƙi kuwa 23 zuwa 25. Lissafin mai sauƙi ne: kusan giram 17 na sukari a lita ɗaya yana ba da barasa kashi 1 cikin 100. Inabin da ya kai 24 yana ɗauke da kusan giram 240 a lita, zai ba da giya mai barasa wajen kashi 14. Tsami kuma ana son giram 6 zuwa 7 a lita ga farar giya. Matsalar ita ce sukari yana hawa ne yayin da tsami yake sauka, kuma kwana uku na zafi mai tsanani suna iya tsallakar da gona daga ɗanye zuwa wuce wuri. Shi ya sa a wannan wata ba wanda yake barci sosai a Stellenbosch.

A rumbun, hanya ta rabu biyu. Farin inabi ana matse shi nan take, a raba ruwa da ɓawo, a bar shi ya kwanta dare ɗaya cikin sanyi, a tsiyaye na sama zuwa tankin ƙarfen da ba ya tsatsa, a zuba yis. Ana riƙe shi tsakanin digiri 12 da 16 na mako 2 zuwa 3. Baƙin inabi kuwa ana cire masa tsinke, a farfasa shi, a bar shi ya tashi tare da ɓawo da ƙwallo a digiri 24 zuwa 30, na kamar mako guda ko kwana 10. Mutane da yawa ba su san cewa ruwan baƙin inabi fari ne ba. Launi daga ɓawo yake fita, bauri kuma daga ɓawo da ƙwallo. Idan aka bar ɓawon awoyi kaɗan kawai aka cire, sai a sami mai ruwan hoda. Yayin tashi, iskar da yis yake fitarwa tana tura ɓawon sama ya yi tudu mai kauri, dole a danna shi ƙasa ko a jawo ruwa daga gindin tanki a watsa masa sau 2 zuwa 4 a rana. An gargaɗe ni kada in sunkuya cikin bakin tanki, domin iskar tana kashe mutum ba tare da ya ji wari ba.

Abubuwan da suke lalacewa a nan sanannu ne. Idan tudun ɓawo ya bushe, ƙwayoyin da suke mayar da barasa khal, wato binega, sai su kama shi, tanki ya ɗauki warin tsami mai soka hanci. Idan zafi ya haura digiri 35, yis ya mutu, tashi ya tsaya da sauran sukari a ciki, abin da ya rage kuma ya zama abincin ƙwayoyin ɓarna. Ɗaukewar wutar lantarki a tsakiyar kaka na iya jawo wannan, shi ya sa rumbuna da yawa suke da janareta. Yis da bai sami isasshen abinci ba yana fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iska mai yawa tana mayar da farar giya ruwan ƙasa, don haka ake sa ɗan sinadarin farar wuta. Hayaƙin gobarar daji, wadda takan tashi a duwatsun nan da rani, yana shiga ɓawo ya fito daga baya da ɗanɗanon toka. Har bayan an rufe kwalba ba a tsira ba: toshiyar da ta gurɓata tana ba giya warin jiƙaƙƙen kwali, kuma mai hidima yana iya gane wannan da hanci kaɗai.

Bayan tashi, jar giya mai daraja takan shiga gangar itacen oak mai cin lita 225 ko 300, ta zauna shekara ɗaya zuwa biyu. Ganga mai lita 225 kwalba 300 ke nan. Sabuwar ganga tana ƙara bauri da ƙamshin hayaƙi, domin ana babbaka cikinta da wuta kafin a rufe. Tsohuwa kuwa laushi kawai take kawowa.

Iri biyu ne tambarin ƙasar. Chenin blanc fari ne, tsofaffin manoma suna ce masa Steen, kuma babu ƙasar da ta kai Afirka ta Kudu yawan gonakinsa, har Faransa inda ya fito. Yana riƙe tsami ko da zafi, shi ya sa yake tafiya da abinci iri-iri. Pinotage kuwa ɗan gida ne: Abraham Perold na jami'ar Stellenbosch ne ya haɗa Pinot noir da Cinsaut a 1925. Ɓawonsa kauri gare shi, baurinsa da yawa, kuma idan ba a iya sarrafa shi ba yakan yi warin man goge farce ko ƙonanniyar roba. A kan kwalba kuma, doka tun 1973 ta tsara abin da za a rubuta. Idan an ambaci yanki, dukan inabin daga can yake. Idan an ambaci iri ko shekara, aƙalla kashi 85 cikin 100. Wadda ake kira marar zaƙi ba ta wuce giram 5 na sukari a lita ba.

Na haye mashigin Helshoogte, na ratsa Pniel, ƙauyen da aka kafa wa 'yantattun bayi a 1843, na gangara Franschhoek. Faransawa 'yan gudun hijirar addini ne suka zauna a kwarin daga 1688, har yau gonaki suna ɗauke da sunayen Faransanci. Garin cike yake da gidajen abinci, kuma a nan na zauna da wata mai tsara abin sha a ɗaya daga cikinsu. Da na gaya mata ba na shan barasa, ba ta ɓata lokaci ba. Ta kawo kofi uku: ruwan ɗanyen inabi da aka sirka, baƙin shayi mai ƙarfi da aka sanyaya, da ruwan nunannen inabi. Tsami, bauri, zaƙi, kowanne shi kaɗai. Ina ganin wannan ya fi giyar kanta koyarwa, domin a giya ukun a cakuɗe suke.

Aka fara da snoek, dogon kifin teku mai maiƙo da ƙaya, wanda ake buɗewa a gasa a kan garwashi ana shafa masa man shanu da jam ɗin afrikot, a ci da dankalin Hausa. Loma ɗaya, sai maiƙo ya lulluɓe harshe. Kurɓi ɗaya na mai tsamin ya wanke shi, loma ta biyu ta zo kamar ta farko. Wannan shi ne aikin da Chenin ko Sauvignon blanc suke yi a wannan faranti. Da na bi kifin da shayin kuwa, sai ɗanɗanon ƙarfe ya cika baki. Man kifi da bauri ba sa shiri, kuma wannan ne asalin maganar da ake yi cewa farar giya ta kifi ce. Launi ba shi ne dalili ba. Jar giya marar bauri sosai, idan an ɗan sanyaya ta, tana iya zama da kifi mai tsoka.

Sai haƙarƙarin ragon Karoo, wani yankin kiwo a cikin ƙasar, gasasshe da gishiri kawai. Shayin nan da ya ɓata kifi, a nan ya zama wani abu dabam. Bauri yana kama furotin ɗin da yake cikin yawu ne, shi ya sa baki yake bushewa. Idan akwai nama da kitse, sai ya sami abin kamawa, ya yi laushi, shi kuma naman ya rage nauyi. Gishiri ma yana kwantar da shi. Don haka ake ba rago da saniya Cabernet Sauvignon ko Shiraz ko Pinotage, musamman wanda ya zauna a ganga, domin hayaƙinsa ya dace da na garwashi. Ruwan ɗanyen inabin da ya yi wa kifi aiki, gaban rago sai ya ɓace, kamar ruwa kawai ka sha. Ƙa'idar nauyi ke nan: abinci mai ƙarfi da abin sha mai ƙarfi, marar nauyi da marar nauyi. Kuma miya ko romon da aka zuba a kan nama ya fi naman kansa yanke hukunci. Kazar da aka dafa da lemon tsami da wadda aka dafa da tumatir da barkono ba abokin sha ɗaya gare su ba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan bobotie, domin a nan ne mutane suka fi kuskure. Niƙaƙƙen nama ne da aka dafa da albasa da kori da kurkur da zabibi da burodin da aka jiƙa a madara, a zuba masa kaɗaɗɗen ƙwai da madara a sama a gasa, a ci da shinkafa ruwan ɗorawa da wani miyan 'ya'yan itace mai zaƙi da yaji da suke kira blatjang. Ganin nama ne, sai hannu ya tafi wajen jar giya mai nauyi. Kuskure ne. Yaji yana ƙara wa bauri kaifi, barasa mai yawa kuma tana hura wutar barkono, zaƙin zabibin ya sa giya marar zaƙi ta koma ɗaci. Abin da yake kwantar da barkono shi ne ɗan zaƙi, da sanyi, da ƙarancin barasa. Shi ya sa masu sani suke ba shi Chenin mai ɗan zaƙi, ko Riesling, ko Gewürztraminer. Na gwada da nawa kofunan, shayi ya sa yajin ya yi ta ci, ruwan inabi da aka sirka da ɗan tsami ya kashe shi nan take. Wanda ya riƙe wannan ya san abin da zai ajiye kusa da tsire ko farfesu mai yaji.

Kayan zaƙi ƙa'idarsu ɗaya ce: abin sha ya fi abincin zaƙi, in ba haka ba ya koma tsami salam. Malva, wani lallausan kek da ake jiƙawa da man shanu da kirim mai zafi, ana ba shi giyar da sukarinta ya haura giram 50 a lita. Abincin da aka jiƙa da khal, irin kifin kori da ake ci lokacin Ista a Cape, yana kashe kusan kowace giya, domin dole abin sha ya kai abinci tsami ko ya fi shi. Sanyi ma yana da nasa hukunci. Mai kumfa digiri 6 zuwa 8, fara 8 zuwa 12, ja 16 zuwa 18. Maganar a ba da ja a zafin ɗaki ta ɗakunan Turai ce. A ƙasa mai zafi sai an sa ta a firiji kamar minti 20, in ba haka ba barasa kaɗai za a ji. Sanyi da yawa kuma yana ƙara bauri, yana toshe ƙamshi.

Ga wanda ba ya shan barasa, matsalar ba rashin abin sha ba ce, yawan sukari ne. Ruwan nunannen inabi yana ɗauke da giram 200 ko fiye a lita, kusan ninki biyu na lemon kwalba. Idan aka kawo shi tsantsa, yana danne kowane abinci. Gyaran da na ga ya yi aiki shi ne a gina kofin kamar yadda ake gina giya. Don kifi da kaza: kashi 1 na ruwan ɗanyen inabi, kashi 3 ko 4 na ruwa mai gas, da ɗan gishiri a bakin yatsa. Don gasasshen nama: kashi 2 na ruwan baƙin inabi, kashi 1 na baƙin shayi da aka jiƙa minti 5 aka sanyaya, kashi 1 na ruwa, da cokali guda na mai tsami. Idan shayin ya wuce minti 5 ɗaci zai rinjayi bauri. Rooibos, shayin ƙasar, ba zai yi wannan aiki ba domin baurinsa kaɗan ne, wurinsa kusa da kayan zaƙi.

Akwai abu biyu da matafiyi zai kiyaye. Na farko, kwalaben da aka rubuta an cire musu barasa. Giya ce cikakkiya aka fara yi, sannan aka zuƙe barasar da na'ura a ƙaramin zafi, kuma ana iya barin har kusan rabin kashi 1 cikin 100. Malamai da yawa ba su halatta ta ba saboda asalinta. Ruwan inabi mai gas irin Grapetiser daban ne, shi bai taɓa tashi ba. Na biyu, kicin. Ba gaskiya ba ne cewa wuta tana ƙone barasa duka. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna bayan minti 15 na dahuwa kusan kashi 40 cikin 100 na barasar da aka zuba yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi yake sauka zuwa kashi 5. A Cape a tambaya kafin a ci wutsiyar sa da aka dafa a tukunyar ƙarfe, da romon kan nama, da kek ɗin dabino da ake jiƙawa da barandi. Khal kuwa, ko da daga giya ya samu, a mazhabarmu ta Malikiyya mai tsarki ne.

Ba zan bar kwarin nan ba sai na faɗi abin da kyan gonakin yake rufewa. Shekaru ɗaruruwa ana biyan ma'aikatan gona wani ɓangare na ladansu da giya, tsarin da ake kira dop. Doka ta hana shi tun farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har bayan faɗuwar mulkin wariya. Gadon da ya bari yana nan: Yammacin Cape yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya yawan yaran da barasa ta nakasa tun suna ciki. Na ga gidajen ma'aikata a bayan layin itatuwa, nesa da inda motocin baƙi suke tsayawa. Wanda zai yabi kwalba ya kamata ya san hannun da ya yanko inabin.

Na koma Cape Town na hau Bo-Kaap, unguwar Musulmi mai gidaje kala-kala a gangaren Signal Hill, inda masallacin Auwal yake tun 1794. Mutanen unguwar jikokin waɗancan bayi da korarrun malamai ne, kuma mafi yawan kayan ƙamshin girkin Cape daga tukunyarsu suka fito. Na ci denningvleis, naman rago da aka dafa a hankali da tsamiya da kanumfari har ya saki ƙashi. A nan tsamin yana cikin tukunya tun farko, yana yanka kitsen rago ba sai an jira kofi ba. Kusa da kori mai yaji kuma ana ajiye falooda, madara mai sanyi da zaƙi da ƙamshin fure. Ƙa'idojin da aka yi mini bayani a Franschhoek su ne a kan wannan tebur, an kai gare su ta wata hanya, ba tare da ɗigon barasa ba.

A shagunan bakin hanya na kaka ana sayar da moskonfyt, ruwan inabi da aka tace aka dafa a buɗaɗɗiyar tukunya, ana kwashe kumfa, har ya koma kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, ya yi kauri ya yi duhu. Ana shafa shi a burodi, ana kuma ci da snoek. Dole wuta ta zama kaɗan a ƙarshe, domin da ya kama gindin tukunya ɗacin ƙuna ya shiga duka. Shi ma ruwan ɗanyen inabi, wanda suke kira verjuice, ba wani abin wahala ba ne, kuma manoman inabi na Kudan a jihar Kaduna suna da kayan yinsa a gona. Lokacin da 'ya'ya suka fara sauya launi suna taushi, manomi yakan rage wasu nonna don sauran su yi girma. Waɗannan korayen ake wankewa, a cire tsinke, a farfasa ba tare da an niƙa ƙwallo ba, a matse a ƙyalle mai tsabta, a bar ruwan ya kwanta a firiji dare ɗaya, a tsiyaye na sama.

Sai dai a sani, kowane ruwan inabi yana zuwa da yis ɗinsa a jikin ɓawo, kuma a zafi irin namu kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ya fara tashi. Alamarsa ƙananan kumfa a gefen kwalba, robar ta kumbura, murfi ya yi tsaki idan an buɗe. Wanda ya kai haka ya fara zama giya, a zubar. Don a tsare shi, a ajiye ƙasa da digiri 4 a sha cikin 'yan kwanaki, ko a daskarar da shi a ƙananan mazubai, ko a ɗumama shi zuwa digiri 75 zuwa 80 ba tare da ya tafasa ba, a ɗura da zafinsa a kwalbar gilashi da aka dafa, a cika ta har wuya a rufe nan take. Idan aka bari ya tafasa, ƙamshin ɗanyen inabin zai tafi, ya ɗauki ɗanɗanon dafaffen abu.